ƘWARYA TA BI ƘWARYA: YADDA A KE GYARAN ROBAR BABUR IN TA TSAGE

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin Hausa na wannan mujalla tamu, in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai wani abin da na koya a zangon da ya wuce. Ba a cikin aji na koye shi ba, a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano ne a Kafanchan. Na san da yawa daga cikinmu a kan babur su ke zuwa gwajin koyarwa, wani nasa ne, wani na aro, kuma babu mai hawan babur da zai iya rantsuwa cewa ba zai taɓa faɗuwa ba. Sabo da haka ina fata wannan bayani zai yi wa wani amfani, kada ya yi irin wautar da na yi.

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare can bayan Kagoro, yayata ta ba ni aron babur ɗinta, irin wanda a ke kira roba-roba. Ba ƙaramin alheri ta yi mini ba, gama da shi ta ke kai citta da gyaɗa kasuwa, kuma sai da ta yi shekara biyu tana zubin adashi kafin ta saye shi. Da za ta miƙa mini makulli ta ce, "Ka riƙe shi amana, ka komo mini da shi yadda na ba ka." Na ce, "To, Yaya."

Ran nan da safe, an kwana ana ruwa, na zo wata gangara, jar ƙasar nan ta yi santsi, sai ƙafar gaba ta zame, muka kwanta ni da babur. Ni dai ban ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwa. Amma farar robar nan ta gaba, wadda ke kare ƙafafun mahayi daga iska da taɓo, ta tsage kamar tsawon ɗan yatsa. Maimakon in nemi wanda ya sani, sai na sayi Super Glue na ɗiga mata da dare, ina so in rufe maganar kada Yaya ta ji. Bayan kwana uku ta buɗe. Na sāke ɗigawa, har na barbaɗa yashi a kai kamar yadda na ga 'yan acaɓa suna yi. Kafin mako ya zagayo tsagar ta kai taƙi guda, robar tana ta kaɗawa in ina tafiya. Na tambayi kuɗin sabuwa a wurin masu sayar da kayan babur, na tarar ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Wani abokina ne ya kai ni wurin wani dattijo a Kafanchan, mai gyaran bokitai da kujerun roba da jikin babura. Ya kwance robar, ya juya bayanta, ya goge taɓo da babban yatsa, ya ce, "Malam, kai da ka ke koya wa yara karatu, ba ka karanta abin da aka rubuta a nan ba?" Na duba, sai ga haruffa biyu a jikin robar: PP. Na ce, "Baba, ban san ma'anarsu ba." Ya yi dariya ya ce, "To, shi ya sa gam ɗinka ya ƙi kamawa. Ƙwarya ta bi ƙwarya, roba ma ta bi irinta." Na yini a wurinsa ina kallo ina tambaya, daga baya kuma na je laburaren kwaleji na bincika dalilan abubuwan da ya nuna mini. Ga abin da na samo.

ROBA BA IRI ƊAYA BA CE

Mu da Hausa kome roba mu ke ce masa, da tayar mota, da bokiti, da leda. Amma a wurin masu ilmin kimiyya iri-iri ne, kowace da halinta. A dā jikin babur duk ƙarfe ne. Kamfanin Honda na Japan ne ya yi suna wajen sa wa babur roba, sa'ad da ya fito da ƙaramin babur ɗinsa mai suna Super Cub a shekarar 1958. Wannan babur ya karɓu ƙwarai, har a shekarar 2017 an ƙera guda miliyan 100, kuma siffarsa ce roba-roban da mu ke hawa ya ɗauko. Dalilin sa roba kuwa shi ne ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ga araha.

Yawancin robar da ke jikin baburanmu iri biyu ce. Ta farko ita ce ABS. Ita ce mai tauri da santsi, wadda ke karɓar fenti ta yi sheƙi, kamar murfin gefe da gidan fitila. Ta biyu ita ce PP, watau folifirofilin, wadda wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giulio Natta, ya gano hanyar yinta a 1954, har aka ba shi kyautar Nobel a 1963 tare da wani Bajamushe, Karl Ziegler. A ƙasarmu ma ana yin ƙwayarta a masana'antar Eleme kusa da Fatakwal. Ita PP tana da ɗan laushi, tana lanƙwasuwa, galibi ba a yi mata fenti, kuma in ka shafa ta za ka ji kamar kakin zuma. Da ita a ke yin kujerun roba da yawa.

Dukansu biyu suna da hali guda mai amfani: in sun ji zafi su yi laushi, in sun huce su sāke ƙanƙarewa, kamar man shanu. ABS ta kan fara laushi wajen digiri 105 a ma'aunin santigireti, watau sama kaɗan da tafasar ruwa, PP kuwa ta kan narke wajen digiri 165. Wannan hali shi ya sa a ke iya yi musu walda. Amma narkakkiyar ABS ba ta haɗuwa da narkakkiyar PP. Ko sun yi kamar sun kama, da sun huce sai ka ɓamɓare da farce.

Abin da ya sa gam ɗina ya ƙi kamawa kuwa, kowa ya san yadda ruwa ke yi a kan ganyen gwaza, ya dunƙule ya gangare, bai jiƙa ganyen ba. Haka gam ya ke yi a kan PP. Ya kan bushe a samanta kurum, bai riƙe ta ba, da babur ya girgiza sai ya saki.

Hanya uku ce a ke gane irin robar. Ta ɗaya, a juya bayanta a nemi haruffan da masana'anta ta buga. Ta biyu, a yanko ɗan ƙanƙane daga gefen da ba a gani, a jefa a kofin ruwa, a danna shi ƙasa da tsinke. In ya taso PP ce, gama ba ta kai ruwa nauyi ba. In ya nutse, mai yiwuwa ABS ce. Na ce mai yiwuwa ne domin akwai PP da a ke gauraya wa garin dutse don ta yi tauri, ita ma ta kan nutse. Ta uku ita ce mai raba gardama: a ɗiga asiton a bayan robar, watau ruwan nan mai ƙarfin wari da ke cikin yawancin magungunan goge jan farce. In wurin ya yi laushi yana danƙo, ABS ce. In ruwan ya bushe bai yi mata kome ba, PP ce.

ME YA SA TSAGA KE TAFIYA?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar roba ba ta tsayawa inda ta fara, kuma ga dalili. Ɗauki takarda ka ja ta da hannu biyu, za ka ji tana da ƙarfi. Yanzu ɗan tsaga gefenta da reza ka sāke ja, nan da nan za ta rabe biyu. Duk ƙarfin jan da a dā ya bazu ko'ina, yanzu ya taru a kan ɗan tsinin nan na ƙarshen tsagar. Haka ya ke ga babur. Kowane rami da ka faɗa a hanya, kowace girgizar inji, a bakin tsagar su ke sauka, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Kada mai karatu ya raina wannan magana. A shekarar 1954 jiragen sama biyu na Ingila, irin waɗanda a ke kira Comet, sun tarwatse a sararin sama da fasinjoji a ciki. Da aka yi bincike aka tarar tsaga ce ta faro daga kusurwar kafofin da aka yanka a jikin jirgin, ta yi ta tafiya har jikin ya ɓarke. Shi ya sa tagogin jiragen sama na yanzu ba su da kusurwa mai kaifi.

Maganin abin kuwa tsofaffinmu sun san shi tun ba a yi babur ba. Wanda ya taɓa ganin gyartai yana ɗinkin ƙwarya ya ga yadda ya ke huda ta kafin ya sa zare. In aka yi ɗan huji zagayayye a daidai ƙarshen tsaga, tsinin nan ya ɓace, ƙarfin ja ya bazu a kewayen hujin, tsagar ta tsaya. Da na yi wannan tun ranar da na faɗi, da gyaran bai wuce na ɗan yatsa ba.

YADDA A KE YIN WALDAR

Kayan aikin ba su da yawa: ƙarfen nan na lantarki da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, ko kuwa tsohuwar wuƙa da kaskon gawayi in babu wuta, ƙusa siririya, reza, salatif, samfefa, 'yar ragar ƙarfe irin ta tagar sauro, da guntun roba irin wadda za a gyara. Mafi kyau a nemi fasasshen yanki na irin babur ɗin a wurin makanikai. In PP ce, karyayyar kujera ma ta yi, muddin an ga PP ko lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku a ƙarƙashinta.

1. A kwance robar daga jikin babur, a tafi da ita nesa. Kada a kuskura a kai ƙarfe mai zafi kusa da tankin fetur. A tara sukurori a gwangwani don kada su ɓace.

2. A wanke ta da ruwa da sabulu, ciki da baya, a bari ta bushe sarai. Maiƙo da ƙura su ne manyan abokan gāban walda. In an riga an sa gam, kamar yadda na yi, a kankare shi duka.

3. A ɗaga ta a hasken rana a nemi ainihin inda tsagar ta ƙare, gama sau da yawa ta kan wuce inda ido ya fara gani. A yi huji a nan da ƙusa mai zafi, faɗinsa kamar milimita 2 ko 3.

4. A haɗa bakin tsagar daidai wa daida, a manne ta da salatif ta waje. Duk sauran aiki ta ciki za a yi shi, inda ba a gani.

5. A bi tsagar da reza ta ciki, a fafe ta ta zama ɗan kwari kamar bakin kwalbatin da ruwa zai bi, zurfinsa wajen rabin kaurin robar. In akwai fenti a wurin a goge shi da samfefa.

6. A ɗan taɓa tsagar da bakin ƙarfe mai zafi nan da can, tazarar yatsa biyu-biyu, don ta riƙe, kamar yadda tela ke kafa ɗinki kafin ya hau keke.

7. A yanka guntun robar nan siri-siri kamar tsinken tsintsiya. A ɗora a cikin kwarin, a riƙa narka shi tare da gefunan tsagar, ana dannawa, har su zama abu guda. A nan gwaninta ta ke. In tsinken kaɗai ya narke, gefen bai narke ba, an yi liƙi ne, ba walda ba. In kuwa robar ta soma hayaƙi tana baƙi, zafi ya yi yawa, ta ƙone, ƙonanniyar roba kuwa ba ta da ƙarfi. Sai a janye ƙarfen ya ɗan huce.

8. A yanko ragar ƙarfe mai faɗin yatsa biyu, a shimfiɗa a kan tsagar, a danna ta da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar, sa'an nan a rufe ta da wata narkakkiyar roba. Wannan ita ce kamar rodin da a ke sa wa a cikin siminti. Wurin da ya fi bukatarta shi ne kunnen da sukuru ke shiga, gama a nan nauyi ya ke.

9. A bar ta ta huce da kanta. Kada a zuba mata ruwa don sauri, za ta iya karkacewa.

10. A cire salatif, a cike hujin nan da 'yar narkakkiyar roba, a goge waje da samfefa mai laushi. In mai fenti ce a shafa fenti.

IN ABS CE

Ita ABS ana yi mata walda kamar yadda na bayyana, amma tana da wata hanya da ba ta bukatar wuta. A yayyanka guntayen ABS ƙanana, a zuba a kwalbar gilashi mai murfi, a zuba asiton ya sha kansu, a rufe a bari ya kwana. Da safe za a tarar ya zama kamar kunu mai kauri. A shafa shi a cikin kwarin tsagar ta ciki, a ɗora ƙyalle mai raga-raga, a sāke shafawa. Asiton zai narka fuskar robar, sa'an nan ya bi iska, ya bar tsohuwar roba da sabuwa sun zama ɗaya. A ba shi yini da kwana kafin a mayar. Sai dai a nemi asiton tsantsa a wurin masu sayar da kayan fenti, gama na goge farce sau da yawa an sirka shi da ruwa da mai, wani ma babu asiton a cikinsa sam. A kula kuma, yana kama wuta kamar fetur, kuma in ya ɗiga a kan fenti zai ɓata shi.

IN BABU KO ƊAYA

Wanda abin ya same shi a ƙauye, ba wuta, ba asiton, ba guntun roba, sai ya koma wa sana'ar gyartai. Bayan hujin ƙarshen tsaga, a yi huji bibbiyu suna fuskantar juna a gefe da gefe, kowane kamar santimita 1 daga bakin tsagar, a ɗinke da siririyar waya, a murɗe ta ta ciki. Igiyar robar nan mai haƙora da masu aikin lantarki ke ɗaure waya da ita ma ta yi. Ba shi da kyan gani, amma yana riƙewa, kuma bai damu da ko wace irin roba ce ba.

GARGAƊI

A yi wannan aiki a fili inda iska ke kaɗawa, a juya wa hayaƙin baya, gama hayaƙin roba guba ne ga huhu. Kada a bar yara su matso.

Akwai kuma abin da ba a gyarawa ko kaɗan, shi ne hular kwano. A watan Janairu na 2009, sa'ad da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta wa masu babura sa hular kwano, an ga waɗansu 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi jami'ai, mutane suna ta dariya. To, hular da ta tsage aka liƙe ba ta fi ƙwaryar nan da kome ba. Aikin hula shi ne ta sha bugu a madadin kai, kuma wadda ta sha bugu mai tsanani sau ɗaya ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a waje ba. A sayi wata. Haka kuma duk abin da ya shafi birki ko tankin mai, a kai wa makaniki ya sāke shi.

Game da rigakafi, dattijon nan ya nuna mini cewa ba faɗuwa kaɗai ke tsaga roba ba. Rana tana cin ta sannu a hankali har ta yi fari ta bushe, sa'an nan in hunturu ya zo da sanyinsa sai ta ƙara gautsi. Sabo da haka a riƙa ajiye babur a inuwa. Sa'ad da a ke mayar da roba kuma kada a ɗaure sukuru da ƙarfin tsiya, kuma kada a yar da 'yan zobban robar nan baƙaƙe da ke ƙarƙashinsa, su ne ke shanye girgiza. In ɗaya ya ɓace a yanko madadinsa daga tsohon tif na keke.

Mu da za mu zama malamai, akwai darasi biyu a nan da ba su bukatar ɗakin gwaji. A makarantar mishan da na yi an saba mana da aikin hannu, amma ban taɓa haɗa shi da kimiyya ba sai yanzu. Na kai wa 'yan aji biyar kofin ruwa da guntayen roba iri-iri, suka yi ta cacar baki a kan wanda zai nutse da wanda zai taso. Na kuma ba su takarda biyu, ɗaya mai tsaga, ɗaya mai tsaga da huji a ƙarshenta, suka ja suka ji bambanci da hannunsu. Washegari wata yarinya ta zo mini da fasasshen bokitin uwarta.

Da zango ya ƙare na mayar wa Yaya babur ɗinta. Daga waje sai an duba da kyau za a ga wani siririn layi. Na yi ta shawara a hanya ko in yi shiru, amma da na isa sai na kama hannunta na sa a bayan robar, ta ji tudun waldar, na gaya mata duk yadda aka yi, har da gam da yashi. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Da wani ne ya nuna mini, ba kai ba, da ba ka ƙara hawansa ba." Ta shiga ɗaki ta fito da wata kujerar roba mai karyayyar ƙafa, ta ajiye a gabana ta ce, "Tun da ka koyi sana'a, bismilla."

Iyakar abin da na sani ke nan. Wanda ya ke da wata dabara da ta fi wannan, ina roƙonsa ya rubuto wa Edita mu ƙaru. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.